Ranar da Tifa ta Ɗaga Inna

Yayana yana da suna. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya zauna a gidanmu na Kawo a wancan zamani zai iya rantsuwa cewa mantawa aka yi ba a yanka masa rago ba. Inna ba ta faɗar sunan, don shi ne ɗanta na fari. Baba ba ya faɗa, don sunan mahaifinsa aka sa wa yaron. Kaka, wato uwar Baba, ita ma ba ta faɗa, don sunan mijinta ne, sai dai ta ce "maigidana" tana lalube aljihunsa ko da goro. Mu ƙanne Yaya muke cewa, in ba haka ba mu sha ranƙwashi. Da ya yi aure muka ce to, ga wadda za ta taimaka, sai ita ma ta zo da tata kunyar, ta tsaya a kan "shi". A tasha Direba suke ce masa. Mutum ɗaya ne ke kiran Yaya da cikakken sunansa, da ƙarfi, a gaban jama'a, shi ne ɗan sandan da ya karɓi lasin ɗinsa a hanya.

Na sauran duk bai dame shi ba. Na Inna ne ya tsaya masa a rai. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma yawancin mata in ɗan ya yi gemu sukan ɗan sassauta, a riƙa gaisawa sosai, a yi shawarar gida, ko da ba a kama suna ba. Inna ba ta san sassauci ba. A hannun Kaka Yaya ya tashi tun daga yaye, ya dawo ɗakinmu da wayonsa, ya tarar an riga an raɗa masa "wancan". Yana tsaye kusa da ita, in ya miƙa hannu zai taɓa gefen zanenta, sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke, ki ce wa wancan tuwonsa na nan a rufe." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, an ce tuwonka na nan a rufe." Shi kuma ya ce, "Ki ce an gode." Haka na yi ƙuruciyata ina aikin tarho tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. In ya durƙusa a ƙofar ɗaki da safe ya ce, "Inna, ina kwana," tana amsawa, amma kajin tsakar gida take kallo, har kajin suka saba suna tsayawa a gaishe su.

Ni abin dariya yake ba ni. Wata rana, ina amarya na zo wuni gida, na kwaikwayi yadda take cewa "wancan" har da karkatar da baki. Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke dariya kike yi. Naki sunan tana kira har ya gundure ki. Ni ban taɓa jin yadda nawa yake a bakinta ba." Ya ba ni tausayi ƙwarai, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyu yana maganar nan kansa a ƙasa. Daga ranar na daina kwaikwayon, aƙalla a gabansa.

Shekarun nan ne kuɗi suka shigo ƙasar, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya tashi gini. Duk inda ka duba a Kaduna bulo ne da yashi. Yaya ya bar motar fasinja ya koma tuƙa tifar wani ɗan kwangila, yana ɗebo yashi daga bakin kogi yana zubewa a Unguwar Rimi da Malali da duk inda aka kafa harsashi. Tsohuwar mota ce, sitiyarinta a dama tun na zamanin da ba a sauya hannun tuƙi ba, madubin gefe ɗaya ya fashe, ɗayan kuma sama yake kallo. Amma Yaya ya ƙaunace ta fiye da yadda ya kamata Musulmi ya ƙaunaci ƙarfe. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne yadda take ɗaga bodinta ta juye kaya, ba lebura, ba shebur. In ya fara bayani, matarsa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da damina ta yi ƙarfi a wata shekara, azarar da ke saman ƙofar ɗakin Inna ta lotsa, ƙyauren ya daina rufuwa. Magini ya zo ya duba ya ce sai an sauke wajen gaba ɗaya. Yaya ya ce a ba shi yini guda. Ya zo da jak ɗin motarsa, wani ɗan guntun ƙarfe mai maiƙo da bai fi tulun yara ba, ya ajiye shi a bakin ƙofa a kan faffaɗan katako, ya tsayar da gungume tsakanin kansa da azarar. Sannan ya miƙo mini sandar dannawa.

"Danna."

"Ni? Yaya, ni da ko tulu ba na ɗauka sai an taya ni?"

"Da hannu ɗaya ma. Danna."

Na danna, na ji ba nauyi, kamar ina wasa. Na sake, na sake. Sai na ji ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan ɗankwalina, azara ta yi ƙara, ga rufin ɗakin uwata yana tashi a hannuna. Na saki sandar na yi baya ina salati, ina jiran ya faɗo mini a ka. Bai motsa ba, yana nan inda na bar shi.

Inna tana zaune a gindin bango tana tsince shinkafa, ta ba mu baya. Yaya ya gyara murya. Ni yake kallo, amma muryar da ya ɗaga ta isa a ji ta a gidan maƙwabta, kuma na san ba don ni aka ɗaga ta ba.

"Kin ga abin nan, mai ne a cikinsa, ba aljani ba. Shi mai ba ya matsuwa. Iska in kin matsa ta sai ta matsu, auduga ta matsu, direba ma ya matsu in ya hango ɗan sanda. Amma mai in kin kulle shi kika danna, sai ya nemi abin da zai tura. Sandar da kike dannawa wani siririn ƙarfe take turawa, bai fi yatsanki ba. Kowace dannawa, ya tura mai kamar cokali guda zuwa ƙarƙashin wannan babban mai faɗin. Akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe a hanya, ya bar mai ya wuce, in zai dawo ya toshe. Shi ya sa da kika saki bai sauko ba. Ke kin yi ta dannawa da yawa ba wahala, shi kuma ya tashi kaɗan amma da ƙarfin da zai ɗaga ɗaki."

Na ce, "To in za a sauke fa?"

"Nan ne ake gane gwani. Ɗagawa kowane sakarai ya iya, ga shi ke ma kin yi. Saukewa sai a kwance wannan kusar kaɗan, a buɗe wa mai hanya, nauyin kayan da kansa ya kora shi gida. In kin buɗe da yawa, tim, ya faɗo gaba ɗaya. Sai a hankali."

Ya kafa sabon ginshiƙi, ya kwance kusar, rufin ya zauna ko ƙasa ba ta zuba ba. Ya tura ƙyaure ya rufu, ya buɗe, ya sake rufewa, ya sake buɗewa, yana jira. Inna ta fece shinkafarta a faifai, ta ce wa iska, "A ce wa mai ƙarfen Allah ya yi albarka." Na juya zan isar da saƙo, Yaya ya ce, "Na ji." Ya naɗe jak ɗinsa a buhu ya fita. Wannan "mai ƙarfen" ya riƙe shi kamar an naɗa masa sarauta, har matarsa ta gaya mini ya yi kwanaki yana maimaitawa.

A hanyar raka shi zaure ya ƙarasa mini karatun, tunda na riga na shiga hannu. Ya ce tifa ma jak ce, sai dai ita inji ne ke yi mata dannawar. Akwai famfo a ƙarƙashinta, manne da giyar motar. Liba biyu ce, wato ƙarafan da ake ja, a gefen kujerar direba, can ƙasa. Ta farko ita ke haɗa famfon da inji, ya fara juya mai. Amma ko yana juyawa ba abin da zai tashi, man zagayawa kawai yake yi ya koma tankinsa, sai an ja ta biyu. Ita ce ke karkatar da shi cikin bututu zuwa gindin wata sandar ƙarfe mai sheƙi da ke ƙarƙashin bodi, ta yi ta fitowa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo, ta tura gaban bodin sama, yashi ya zube ta baya. Ya ce doka ɗaya ce, in ka gama juyewa ka cire ta farko kafin ka hau titi. Na ce na ji, don ya ƙyale ni.

Sai bikin 'yar Kawu ya taso. Kawu ƙanen Inna ne, don haka Inna ce gwaggon amarya, kuma ita ce shugabar masu jere. Angon akawu ne a wata ma'aikata, ya kama gida a Unguwar Rimi, can gefen da ba a kai ga zuba kwalta ba. Kayan ɗaki sun yi yawa, don matar Kawu tun yarinyar tana goye take tara kwanuka. Ga gado mai rumfa, ga katifun rimi, ga kabad, ga kwalla da fanteka da tasoshi da ba su ƙirguwa. Ana maganar a nemo a-kori-kura biyu, Yaya ya ce haba, yana da mota a hannu za a je neman ta wani? Ya roƙi mai motar ya ba shi ita ranar Lahadi.

Da sassafe ya kai ta bakin kogi. Ya ɗaga bodin, ya wanke shi da sabulu da soso kamar mai wankan jariri, ya bari ruwa ya tsiyaye, ya sauke. Yana saukewa aka aiko masa cewa mata sun taru suna zaginsa, rana tana yi. Ya faɗa mota ya taho a guje. Libar farko, wadda ya ce mini doka ɗaya ce a kanta, ya bar ta a haɗe.

Aka yi lodi. Gado da kabad da katifu aka jera su can baya, jikin murfi. Yaya ya ɗaure murfin da igiya, don shi murfin tifa da kansa yake ɓallewa in bodi ya karkata, kuma ya ce ba ya son ko rami ya girgiza shi. Kwanuka aka naɗe su a zannuwa aka sa a gaba. Aka kawo tsani, mata suka hau suna tattare zane suna tsinewa wanda ya ƙirƙiro mota mai tsayin katanga.

Kujerar gaba kuwa Yaya ya goge ta, ya shimfiɗa sabuwar darduma, ya buɗe ƙofa ya koma gefe ya tsaya. Kowa ya san wa aka yi wa shimfiɗar. Inna ta fito da mayafinta na fita biki, ta dubi kujerar, ta dubi tazarar da ke tsakaninta da ta direba, wadda ba ta kai kamu ɗaya ba. Ta juyo gare ni.

"Ke, ki ce wa wancan ya sa kakarsa a nan. Ni ina wajen kaya."

Ban isar da saƙon ba, don na ga fuskarsa. Ya sunkuya yana gyara dardumar da ba abin da ya same ta. Inna ta kama tsani ta hau, da ciwon gwiwarta da komai, ta wuce can gaba ta zauna a kan wata kwalla da aka kife, ta jingina da allon da ke bayan kan direba, ta riƙe ƙarfen da ke samansa. Wato dai ta zauna a bayansa daidai, ƙarfe ne kawai tsakaninsu, kuma hakan bai saɓa wa dokarta ba.

Kaka aka ɗaga aka sa a gaba. Ta tsufa, kunne ya yi nisa, amma baki yana nan da ƙuruciyarsa. "Yau dai maigidana ya tuna da uwargida," in ji ta, ta baje a kan dardumar Inna. A cinyarta akwai jakar saƙa cike da kwalaben man shanu da man gyaɗa na amarya, ta ce ba mai riƙe mata.

Ni ma na hau baya wajen mata, muka tashi daga Kawo. Ba mu fita layinmu ba maguɗiya ta toshe hanci ta rangaɗa, sauran suka ɗauka da waƙa da tafi, wata tana kaɗa bayan tasa. Yaya yana tafiya a hankali saboda kwanuka, yana danna ƙaho yana bin kiɗan. Da shiru ake yi da ya ji kukan famfon nan a ƙarƙashinsa, amma ga mata a baya, ga Kaka a gefe tana ba shi labarin ranar nata jeren da aka kai a kan jakuna. Muka wuce Unguwar Kanawa, muka wuce Unguwar Sarki, mutane suna ɗaga mana hannu muna ƙara murya. A wani wuri a hanyar nan cinyar Kaka ta gaji. Ta laluba gefenta, ta ji wani ƙarfe a tsaye, kuma kamar yadda ta faɗa daga baya, ba aikin komai yake yi ba. Ta rataye jakarta a kansa, mayafinta ya rufe.

Muka sauka daga kwalta muka shiga jar hanyar Unguwar Rimi, damina ta farfasa ta. Motar ta faɗa wani rami ta fito. Jakar Kaka ta yi lilo ta ja liba ta biyu.

Abin da na fara gani faranti ne ya taho da kansa ya wuce ta gabana. Na ce a raina hawa muke yi. Sai na tuna ba tudu a layin nan. Na dubi katangun gidaje, na ga ina hango tsakar gidan mutane, ga wata mata tana wanki ta ɗaga kai ta buɗe baki. Ƙullin kwanuka ya motsa, ya bi farantin. Maguɗiya tana tsakiyar guɗa ƙafarta ta zame, guɗar ta koma wani abu dabam, amma don Allah wa zai bambance daga cikin mota? Tun daga Kawo ihu muke yi. Muka ƙara ihu, Yaya ya ƙara ƙaho.

Na yi ta dukan bodi ina kiran "Yaya! Yaya!" Wasu suna "Direba!", wasu suna kiran sunayen Allah, wata tana kiran uwarta da ta rasu tun zamanin Turawa. Mutanen gefen hanya suka biyo mu a guje suna ɗaga hannu biyu. Yaya ya leƙo ta taga ya ɗaga musu nasa, yana cewa, "Mun gode, mun gode, Allah ya maimaita!"

Daga nan zama ya gagara. Ɗaya bayan ɗaya muka silale zuwa baya, mu da kwanuka da tasoshi, muka taru a kan katifu, ƙafar wata a wuyan wata. Ni na faɗa rigingine, maguɗiya ta faɗo a cikina, kuma ba ƙaramar mace ba ce. A ƙarƙashinmu ina jin igiyar murfi tana kuka. Ita kaɗai ce tsakaninmu da titi, in ta tsinke za a juye mu kamar yashi, gado da kabad su biyo mu a ka.

Da na ɗaga ido sai na ga Inna. Ita ba ta silalo ba. Kwallar da take zaune a kai ta tafi ta bar ta, tana rataye da hannu biyu a ƙarfen nan, can ƙololuwa, ƙafafunta suna neman wurin takawa a kan ƙarfen da ɗanta ya wanke da sabulu. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta a waje, abin da ko mu 'ya'yanta ba mu cika gani ba. Bodin bai daina tashi ba. A gabanmu kuma ga wayar lantarki ta gitta layin, an ja ta daga turken wuta zuwa wani sabon gida, ta yi ƙasa-ƙasa. Inna ta fi kowa ganinta, don ita ce a sama.

Wata katifa ta kifo a kanmu, ihun ya ɗauke na ɗan lokaci, kowa yana neman numfashi. A cikin wannan ɗan shirun Inna ta ja jikinta sama, ta leƙa ta gefen tagar direba, ta kira shi.

Sunansa ta kira. Na yanka, cikakke, da muryar da take kiran mu in mun yi nisa da gida. Ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma 'yar gidan ce.

Motar ta tsaya. Ba irin tsayawar firgita ba, don da ya taka birki da ƙarfi da ya yarfar da ita. Kuloci ya fara takawa, famfo ya rabu da inji, bodin ya tsaya cak inda yake, sannan ya bi da birki a hankali. Ya gaya mini daga baya cewa ƙafarsa ce ta yi wannan, shi kansa bai san inda yake ba. Ya buɗe ƙofa ya leƙo, ya ɗaga kai, ya ga uwarsa a sama da rufin motar, waya a gabanta kaɗan. Suka haɗa ido. A iya sanina ba su taɓa yi ba.

Ya koma ciki. Muna jin Kaka tana cewa, "Har mun iso? Kai, ina za ka kai mini jaka?" Ya cire libar farko, ya kama ta biyu da hannu biyu. Sai muka ji wani siririn sauti, mai yana komawa gida, bodin ya fara sauka. Ban taɓa ganin abu mai nauyi ya yi tafiya a hankali haka ba. Sandar nan mai sheƙi tana shigewa kaɗan-kaɗan, ko kwano ɗaya bai ƙara motsi ba. Mutanen unguwa sun taru, wani tsoho yana ta "A hankali, ɗan nan, a hankali," kamar akwai abin da ya fi wannan hankali.

Da aka zo wajen rabi, inda ƙafar Inna ta samu wurin tsayawa, hatsari ya wuce, sai bodin ya tsaya. Yaya ya ce wai yana hutar da mai ne kada ya yi zafi. Ni dai ban taɓa jin ya ambaci hutar da mai a duk karatun da ya yi mini ba, kuma har yau ina zarginsa. Ya bar ta a nan, kansa a waje ta taga, kunne a sama. Muka jira. Inna ta gyara tsayuwa, ta saki hannu ɗaya ta jawo mayafi ta rufe kanta. Ta dubo ƙasa ta nemo ni a cikin tarin mata.

"Ke! Ki ce wa wancan ya sauke ni."

Ya sauke ta. Bodin ya zauna a mazauninsa ba ko ƙara.

Ba wadda ta karye. Maguɗiya ta gurɗe a ƙafa, ni na yi mako ina jin haƙarƙarina, fanteka biyu sun ɓantare a baki, aka juya wajen ɓantarewar ya kalli bango, amarya ba ta gane ba sai da ta haihu. Muka yi jere muka gama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne matan nan, waɗanda ba a taɓa yin tari a Kawo ba su kai labari har unguwar Doka ba, duk cikinsu ba wadda ta ji Inna ta kira kowa. Aka yi ta labarin faranti, da waya, da jakar Kaka, da wadda zanenta ya kwance. Da wata yarinyar unguwar ta ce, "Ai tsohuwar ce ta kira direban," sai maguɗiya ta ce mata, "Ke, tafi can, salati ta yi." Kaka kuwa har ta bar duniya tana cewa laifin mai motar ne da ya kafa maratayi a inda ba a rataya.

Da la'asar na fito neman ruwa na tarar da Yaya zaune a kan matakalar motar, a inuwar wani mangwaro. An kai masa abinci bai taɓa ba. Na zauna a kan dutse kusa da shi, ina shirin yi masa tsiya a kan doka ɗaya tak da ya koya mini ya kasa riƙewa. Ya riga ni magana.

"Kin ji?"

"An ce salati ta yi."

"Ke dai kin ji."

Na ce na ji. Ya yi dariya, ya ce, "Wallahi da na san abin da ake bukata ke nan, da tun ranar da aka ba ni motar na ɗaga ta." Na ce ya ji tsoron Allah, uwarsa ce. Muka yi dariya har na riƙe haƙarƙarina. Sai na ga dariyar tasa ta ƙare ta bar shi da hawaye, yana sharewa da tsumman goge inji, yana shafa wa fuskarsa baƙin mai.

Ya ce, "Ba wannan ba ma. Kin lura da yadda sunan ya fito? Ko ɗan sanda sai ya tsaya ya duba takarda. Ita ko tuntuɓe ba ta yi ba. Wanda bai saba faɗar abu ba, ba ya faɗarsa haka." Ya ninke tsumman ya ajiye a gwiwarsa. "Tana faɗa. Ni ne dai ba na wurin."

Daga cikin gida muka ji muryar Inna tana kirana, da sunana, sau biyu, don na daɗe. Na tashi na leƙa. Tana tsaye a bakin zaure, tana kallon wata akuya da ke ɗaure a gindin katanga.

"Ki ce wa wancan ya ci abincinsa kafin ya huce. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

Na juyo zan faɗa. Yaya ya riga ya jawo kwanon.